Hannuwan Surukina

Bana damina ta zo mana da wasa da hankali. Ruwan farko ya sauka da ƙarfinsa, muka zuba iri, sai sama ta ɗauke kai kamar wadda aka yi wa laifi. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa, ya tsaya nan yana naɗe ganye. Kullum la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani har mata su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. A irin wannan yammacin ne ɗana Sani ya dawo daga kasuwa, ya zauna a bakin tabarmata, ya miƙo mini salularsa.

"Baba, duba ka gani. Labarin fari ne a wata ƙasa can gabas. Su nasu ya hi namu muni."

Na karɓa ba don ina so ba, ni da labaran nan mun daɗe da ɓatawa. Aka nuna shanu a kwance sun bushe, aka nuna mata da jarkoki, wata murya tana ta zuba Faransanci a kan mutanen da sauyin yanayi ya kora daga gidajensu. Sai ga hannuwa biyu an haɗa su an miƙo wa mai kallo. Babu fuska, babu jiki, hannuwa kawai da ɗan abu a cikinsu. Ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe yake, kansa a guntule. Matata Barira tana wucewa da ƙwaryar tsaba, ta leƙo ta bayan kafaɗata. Na ji ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali.

"Waɗannan hannuwan babana ne," in ji ta.

Nasa ne kuwa. Lauje ne ya cire kan yatsan tun kafin a haife ta. Babanta bai taɓa taka waccan ƙasa ba, ko sunanta bai sani ba, kuma ya daɗe a kabari a Sabha, can ƙasar Libiya. Ni na san ranar da aka ɗauki hoton, na san bangon da ke bayansa, domin ina tsaye a gefe, kuma da hannuna a cikin abin.

Ba zan rubuta sunansa ba, suruki ne. Baba nake ce masa, gari kuwa Sarkin Noma. Ba sarautar gado ba ce. Dami dubu ya ɗaure a kaka ɗaya, ya yi bikin dubu, ya buɗe rumbuna aka ci aka kwasa, aka buga masa ganga. Wanda ya yi dubu a wajenmu akwai abin da ya hau kansa har ya mutu: shi ake roƙo, shi ba ya roƙo. Ko ƙwayar hatsi ɗaya aka gan shi ya tara hannu ya karɓa, dubun ta zube, kuma ba shi kaɗai ba, har ƴaƴansa sai an yi musu gori.

Shekarar da nake magana, fari ne ya soma, fara ta ƙarasa. Ɗan abin da ya tsira daga ƙishi ya fitar da kai ke nan, wata rana da hantsi sama ta yi ja, kafin azahar gonaki sun koma kara tsirara. Kafin sanyi ya shigo mata sun fara tonon gidan tururuwa, ana jiƙa anza kwana da kwanaki don a kashe ɗacinta. Gida bayan gida aka kwance irin shuka aka daka. Ba na zargin kowa, wanda ɗansa ke kuka ba ya tunanin baɗi. Baba ya rabar da rumbunsa na ƙarshe, ya bar wa Inna, uwar Barira, abin da ya rage, ya ce zai bi samari arewa, ni ma ina cikinsu. An fara maganar za a kawo tsabar taimako a yi layi, shi kuwa ya gwammace hamada da layin.

Abu biyu ya ɗauka. Babbar rigarsa fara ta ranar dubu, da wata jakar fata da ya ɗinke bakinta, da tiya ɗaya ta irin gero a ciki. Irin kakansa ne, mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan ba da wani abu. Duk waɗanda ya taɓa ba wa sun cinye nasu. Na tambaye shi, kaina a ƙasa, me ya sa ba zai bar shi a gida ba.

"Iri ba ya kwana ɗaki guda da yunwa," ya ce. "An ce can ruwa daga ƙasa shike hitowa, ba ya jiran damana. In shuka shi can, in dawo da shi da yawa kahin ruwan shuka."

Abin da ya kai shi Libiya ke nan. Ba teku ya nufa ba. Bai taɓa ganin teku ba, bai kuma taɓa tambayar inda take ba.

Lokacin ƙofa a buɗe take. Shugaban ƙasar na wancan zamani ya juya fuskarsa kudu, yana ta kiran ƴan Afirka su zo, wai nan ma gida ne. Duk inda ka juya a Sabha allo ne da taswirar Afirka. Ƴan'uwantakar dai ta fi yawa a kan allo. A ƙasa kuwa sai ka tsaya bakin titi da sheburinka tun da sassafe, mota ta tsaya, a nuna ka da yatsa kamar ragon layya. Mu Allah ya taimake mu, kwana kaɗan muka yi a tsaye wani dattijo mai gona a bayan unguwar Hajara ya ɗauke mu. Haj muke ce masa, yadda kowa ke ce masa. Mu bakwai a ɗaki ɗaya na bulo kusa da injin ruwa, duk ƴan Nijar.

Wanda bai taɓa zama ɗaki ɗaya da surukinsa ba bai san wahala ba. Ba na cin abinci a gabansa, ba na miƙe ƙafa, ba na dariya da ƙarfi. Wata da watanni a bayan ɗakin inji nake cin abincina ina kallon wani rusasshen bango, abokan aiki suna yi mini tsiya wai ango ya shiga lalle.

Da gari ya waye a tayar da inji, ruwa ya fito da ɗuminsa daga cikin ƙasa, mu bi shi da shebur muna buɗe wannan fangali muna toshe wancan. Da hantsi a yanki ciyawar dabbobi a ɗaure a loda. Da sanyi ya ja baya aka shiga barbarar dabino, a hau da igiya a ƙugu a cusa furen namiji cikin na mace, ƙaya tana yi maka zane a hannu. Sannan zafi ya zo. Na san zafin garinmu, amma na Sabha daban ne, ba ya barin gumi ya zauna a jiki. Rigarka ta bushe da farin gishiri a baya, leɓe ya tsage, ƙarfen shebur ya ƙi taɓuwa. In iskar kudu da suke kira gibli ta taso, kamar an buɗe bakin tanda ne, tumatir ya dahu a jikin uwarsa. Abinci makaroni da tumatirin gwangwani, da burodi, da shayi, yau da gobe da jibi. Ciki yana cika, amma duk lomar da na kai baki sai na tuna Barira da yara biyu suna can a kan anza.

A ƙarshen gonar akwai wani ɗan fili da ruwa ke malala ya ɓace cikin rairayi. Baba ya yi kwana uku yana kewaya shi. Bai roƙa ba. Ya sa ni, da guntun Larabcin da na tsinta, na gaya wa Haj zai riƙa yashe masa magudanar ruwa kowace safiyar Juma'a, ranar hutunmu, a bar masa filin. Haj ya yi dariya ya ce ya ɗauka. Baba ya farke jakar, ya raba irin biyu, ya shuka rabi, ya ɗinke rabi. Kwana huɗu sai ga tsiro. Da geron ya kai ƙugu, kore shar a tsakiyar rairayi, har Haj yakan kawo baƙinsa su gani. Mu ma in zafi ya ishe mu can muke zuwa mu tsaya, don ƙamshinsa na gida ne.

Geron ya yi ciki ke nan, ranar wata Laraba, Haj ya ce jibi za a kawo ƴan jarida daga Turai, masu tele, wato talabijin, suna son ganin mutanen da fari ya koro daga Nijar. Mu abin da muka ji daban ne. Muka ji za a gan mu a gida. A wajenmu ba a ɗaukar mutum hoto a yadda aka same shi, hoto na Sallah ne da aure. Yammacin Alhamis duk wanki muka yi, igiyar shanya ta cika, aka yi aski. Wani Isufu, mutumin Tawa, ya tafi har unguwar Abdulkafi ya aro agogo da baƙin gilashi, agogon ma ba ya tafiya. Baba ya ciro rigar dubu daga ƙarƙashin tabarma, ya wanke, ya sa bula, ya shanya, ya ninke ya buge ta da kwalba a kan katako har ta yi sheƙi. Ranar Juma'a bayan masallaci muka jeru a gaban geron, shi a tsakiya, kamar masu jiran ɗaurin aure.

Suka iso a mota biyu. Wata Baturiya mai riƙe da ɗan littafi, wani dogo mai kyamara, da ɗan gwamnati mai rakiya wanda ya nemi inuwa ya zauna abinsa. Matar ta dube mu, ta dubi bayanmu, ta tambaya ina mutanen suke. Ni ne na yi lakwal, makarantar boko, shekara shida, don haka ni ne tafinta. Na ce mata mu ne. Ta yi ɗan murmushi, suka yi ƙus-ƙus da dogon, sannan ta ja ni gefe. Da muryar tausayi ta ce in mutanen ƙasarta suka ga wannan tsoho cikin wannan riga, a gaban wannan kore, za su ce ai lafiya lau muke, ba wanda zai aika ko buhu ɗaya ƙauyenmu. Ta ce taimakonmu ta zo yi. Ta tambaye ni ko ina da yara a gida. Ina da su, kuma ta san inda za ta taɓa.

Ita ba ta san mene ne dubu ba, ba ta kuma tambaya ba. Ni na sani. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Na je na durƙusa a gaban Baba na yi masa ƙarya.

"Baba, sun ce su manomi suke son gani cikin kayan aikinai. Sun ji labarin irin, suna son su gwada wa duniya."

"Irin sunka zo gani?" Fuskarsa ta washe. "To ai sai ka hwaɗi tun ɗazu, Lawali. Riga ba ta noma."

Ya shiga ɗaki ya fito da yagaggiyar taguwarsa ta aiki, da gishirin gumi a baya, da jakar fata a hannu. Ya nufi geron. Dogon ya ce a'a, haske bai yi kyau a can ba. Suka kai shi bayan ɗakin inji, gindin rusasshen bangon nan da nake cin makaroni, inda rairayi ya taru da wata tsohuwar taya da kututturen mataccen dabino. Aka zaunar da shi a ƙasa. Isufu ya matso da agogonsa, aka kore shi da hannu. Dogon ya kafa kyamara, ya ba wa geron baya.

Matar ta ce in tambaye shi me ya rasa. Allah shaida ne, daga nan ban rage kalma ba, ban ƙara ba.

"Ce mata ban rasa komi ba," in ji Baba. "Gonata tana nan, ba ta tahi ko'ina ba. Ruwa ne ya canza hali. Zamanin ubana, ka dubi taurari ka san ranar gyara iri. Yanzu ruwa shina zuwa a makare, ya zuba na wata guda a yini guda, ya tahi tun gero na da ciki. Gero mai jinkiri ya gama zamaninai."

Ya daɗe yana magana. Ya faɗi yadda igiyar rijiyar garinmu ta ƙaru gaba bayan gaba tun yana yaro. Ya faɗi amfanin barin gawo a gona, da yadda ake barin toho lokacin shara maimakon a ƙone. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, ni kaina karatu nake ɗauka ina fassarawa. Matar tana gyaɗa kai, ba ta rubuta komai. Daga ƙarshe ya farke jakar, ya zuba irin a tafinsa biyu, ya miƙa mata.

"Wanga shi ne na yanzu. Ce mata in ƙasarsu ma ruwa ya hwara yi musu haka, su zo in ba su."

Kyauta yake yi. Na faɗa mata da Faransanci, ta ji ni sarai, har ta ce kai, abin da kyau. Dogon kuwa ya matso da sauri, ya ce ya tsaya a haka, ya ɗaga hannun, ya ƙara ɗagawa, ya ɗan sunkuyar da kai saboda haske. Baba ya yi duk abin da aka ce, don a ga irin da kyau. Suka sha shayinmu, suka yi godiya, suka tafi.

Bayan sati biyu na shiga gari sayen kayan miya, na bi ta shagon wani mai aski, mutumin Kano, a Abdulkafi. Yana da faranti a kan rufi, yana kama tashoshin waje. Yana hango ni ya ɗaga almakashi.

"Kai ɗan Nijar, zo ka ga tsohonku a talabijin. Tun jiya suke ta maimaitawa. Wallahi abin ba daɗin gani."

Na zauna na jira har aka sake sakawa. An fara da manyan motoci cike da mutane a hamada. Aka nuna wani kwale-kwale a teku. Sai ga Baba a gindin bango, cikin tsumma, kansa a ƙasa. Bakinsa yana motsi, amma muryar matar ce ke fita. Ta ce wannan mutum ya rasa komai. Ta ce abin da ke hannunsa shi ne sauran abincinsa a duniya. Ta ce irinsa ba su da iyaka a Sabha, suna jiran hanyar tsallakawa Turai. Sai aka matso da hannuwan suka cika fuskar tele. Duka abin bai kai tsawon alwala ba.

Da ma ba su ji ba ne, da sai in ce rashin sani. Sun ji. Sun ga geron, sun tsaya a gabansa, dogon ma ya fizgi ganye ɗaya yana wasa da shi. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ruwa ya yi wa ƙasarmu yana zaune a gabansu, ya ba su sanin a tafin hannu, suka zubar da maganar suka ɗauki hannun. Da labarinsu suka taso daga gida, a rubuce, a ninke. Jiki kawai suka zo nema da za su sa masa, kuma sun fi son jikin da ba ya magana.

Na koma gona na ɓoye wa Baba maganar. Na ce a raina wa zai gani a garinmu, inda ko lantarki babu.

A zamanin ba salula. Kaset ake aikowa. Mutanen gida su zauna a gaban rediyo su yi magana ɗaya bayan ɗaya, a ba wa mai tafiya arewa. Rediyo ɗaya gare mu, ta Isufu, kuma al'adarmu in kaset ya zo, na kowa ne. Bayan Juma'a za a zauna a inuwa a saka, kowa ya ji muryar gida ko da ba gidansa ba ne. Ranar da na Baba ya iso haka aka yi, ana dafa shayi. Ƙannen Barira suka yi gaisuwa, Barira ta gaishe ni a kunyace, aka yi mini dariya. Sai muryar Inna.

"Sarki, ina gaisuwa. An ce an gan ka cikin tele a Dakwaro, kana zaune ƙasa da tsumma kana tara hannu. Ni na ce ƙarya ne. Sai malamin lakwal ya rantse ya gani da idonai, kuma gani ya kori ji. Yara sun sa waƙa, wai mai dubu ya koma mai tara hannu. Ni yanzu ba ni zuwa rijiya sai rana tsaka, sa'ad da ba kowa. In yunwa ta kai ka haka, ka dawo mu mutu tare, ya hi."

Ba wanda ya iya miƙa hannu ya kashe rediyon. Kaset ya ci gaba da juyawa, ana jin kukan akuya daga gida. Shayi ya tafasa ya zube a wuta. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka tuna suna da aiki, aka bar ni da shi.

"Lawali. Mi sunka ce a kaina?"

Na gaya masa. Na faɗi na tele, na faɗi abin da matar ta ce mini a gefe, na faɗi abin da ni na juya na ce masa. Karon farko ke nan da na dubi idonsa tun da na auri ƴarsa.

"Labarin zuciya a tambayi huska," ya ce. "Na ga taka ran nan, na ce ko zahi ne." Sai ya tambaye ni, "To an kai musu buhun?"

Inna ba ta ambaci buhu ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi, bai yi ba. Ya ce in ciro masa kaset ɗin. Ya sa farce ya jawo zaren, ya yi ta jawowa har ya taru a cinyarsa. Ya tashi ya je ya kafa ƴan sanduna, ya ɗaɗɗaura zaren a saman geron. Geron ya fara ƙwaya lokacin, tsuntsaye sun dame shi. Zaren yana walƙiya yana kaɗawa a iska, kuma ya kore su.

Da geron ya nuna shi kaɗai ya yanke, shi ya sussuke a kan tabarma, shi ya sheƙe. Ya haɗa da rabin da ya ajiye, buhu ya kusa cika. Lokacin tafiya ya yi daidai, in an kama hanya a satin za a riski ruwan shuka. Na je na samo mana wuri biyu a motar Agadas. Da na dawo na tarar ya ninke rigar dubu ya ɗora a bakin buhun yana ɗinkewa.

"Kai za ka kai," ya ce. "Gida-gida za ka bi ka ba su. Kada ka bari kowa ya zo ƙohwarka ya tara hannu."

"Baba, mu tahi tare. In tsaya a kasuwa in hwaɗa musu gaskiya, ni na yi ƙaryar."

"Su sun gani, kai za ka hwaɗa. Wa za su ɗauka?" Ya ja zaren ya ɗaure. "Rigar ka ba uwar Barira. Ita rigar ba a gan ta tana roƙo ba. Ni sai maganar ta kwanta."

Magana zarar bunu ce. Na faɗi gaskiya a kasuwa, na faɗa a masallaci, aka ce ai suruki dole ya rufa wa suruki asiri. Barira na gaya mata ranar da na iso, tun kafin in sha ruwa, kuma daga ranar har kaka gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Tsabar taimako ta zo daga baya, yadda ta zo wa garuruwan da ba a ɗauki tsohonsu hoto ba. Na bi gida-gida da irin kamar yadda ya ce, har gidajen da yaransu suka yi waƙar. Ya tsira, ya yi kyau, aka ci. Baba ya yi ta aiko da cewa sai baɗi. A bazara ta uku zafi ya kayar da shi a bakin magudanar ruwa, Haj da Isufu suka yi masa sutura. Inna ta rasu rigar tana cikin adakarta, yanzu tana cikin ta Barira.

Geron da ke tsaye a gonakinmu yau yana naɗe ganye jikan wancan ne. In wani abu zai tsira bana, shi ne. Ba wanda ya taɓa zuwa ɗaukar hotonsa. Masu kyamara dai suna zuwa, har da namu na gida, baƙaƙe kamar ni, masu jin Hausa, kuma duk wanda ya sauko daga mota idonsa yana neman bangon da ya rushe. Yanzu na gane ashe suna da rumbu su ma, inda suke ajiye hannuwanmu. In fari ya faɗa wa wata ƙasa, sai a buɗe a ɗauko biyu.

Sani bai san labarin nan duka ba, yana goye lokacin. Ya yi tsuru-tsuru yana kallonmu. Barira ta karɓi salular daga hannuna, ta ce ya mayar mata baya. Ya mayar. Ta ce ya ƙara. Ta kawo ta dab da idonta, ta sa yatsa ta taɓa gilashin daidai wurin ɗan guntun yatsan. Can gabas hadari ya sake haɗowa, ba wanda ya ɗaga kai ya duba.

"Shekara nawa ke nan," ta ce, ba da ni take ba. "Har yanzu ba su bar shi ya sauke hannu ba?"